Ƙanina na buga ƙwallo a Turai amma ba ya iya bacci, shagwaɓa ce ko ciwo?

Tambayar da aka turo min ita ce: "Malam, ƙanina ɗan shekara 19 ne, a filin unguwarmu ya tashi, yanzu yana wani kulob a arewacin Turai, har an taɓa kiransa sansanin matasa na ƙasa. Tunda ya ɓarar da fenariti a wani wasa aka bi shi da zagi a waya, sannan ya ji ciwo a cinya, sai ya canza. Wata uku kenan ƙarfe biyun dare yake kirana wai bacci ya ƙi zuwa, wai ƙwallon ma ta fita daga ransa. Baba ya ce ya yi ta maza, ai Mikel ma an sace mahaifinsa ya buga wasa. Ni dai na rasa gane wa, wanda Allah ya ɗaga haka me zai dame shi?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bari na fara ta kan Mikel Obi ɗin, tsohon kyaftin ɗin Super Eagles, tunda shi Baba ya kawo, kuma wallahi ba Baba kaɗai ba, a shekarun da na yi ina aikin lafiyar ƙwaƙwalwa da 'yan wasa, duk inda na zauna da iyaye ko kociyoyi a garin nan sai an jefo min sunan Mikel.

Labarin gaskiya ne. Ranar 26 ga Yunin 2018 a Rasha, saura 'yan awanni mu kara da Ajantina a gasar kofin duniya, aka kira shi aka ce mahaifinsa na hannu, kuma in ya kuskura ya faɗa wa wani za a harbe tsohon. Bai gaya wa koci Gernot Rohr ba, bai gaya wa abokan wasansa ba, ya fita a matsayin kyaftin ya buga minti 90, aka ci mu 2-1, sai bayan kusan sati 'yan sanda suka kuɓutar da mahaifin a jihar Enugu. Karo na biyu kenan ma, na farkon a 2011 aka ɗauke shi a Jos, a nan Kano aka same shi. Ba wanda zai ce Mikel ba namiji ba ne. Amma ka lura da tsawon abun, cijewar 'yan awanni ce. Jikin ɗan Adam an halicce shi ya iya wannan, in tashin hankali ya zo akwai sinadaran da jiki ke saki, adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, ido ya buɗe, ciwo ma ba ka ji sosai, shi ya sa ɗan dambe zai goce a yatsa bai sani ba sai an kwance masa zare. Kamar ƙaramin janareto ne ka ɗora masa firji da dutsen guga, zai yi gurnani ya ɗauka na minti goma, amma ka bar shi haka dare da rana ka ga yadda za ku ƙare da shi. Naku janareton wata uku kenan yana gurnani.

Wanda Baba bai ji labarinsa ba shi ne Robert Enke, golan Hannover kuma mai tsaron ragar ƙasar Jamus, wanda ake sa ran zai tsaya musu a gasar duniya ta 2010. Shi ma ta mazan ya yi, shekara da shekaru yana fama da ciwon damuwa yana ɓoyewa, in ban da matarsa da likitansa da 'yan tsirarun na jiki ba wanda ya sani. Ranar Lahadi ya tsare raga lafiya lau, ranar Talata 10 ga Nuwamban 2009 ya kashe kansa yana da shekara 32. Ban kawo shi don na tayar maka da hankali ba, na kawo shi ne don ka ga cewa mutum yana iya taka leda da kyau alhali ciki ya gama ruɓewa, kuma ɗan kallo ba zai taɓa ganewa ba.

Maganar wanda Allah ya ɗaga me zai dame shi kuma, ai ciwon suga ma ba ya duba akawun ɗin mutum kafin ya shiga. Michael Phelps, ɗan wasan ninƙaya na Amurka, zinare 23 gare shi a Olamfik, ba mahaluƙin da ya kamo shi, da bakinsa ya faɗa cewa bayan gasar Landan ta 2012 kwanaki ya yi a ɗaki ba ya son ci gaba da rayuwa. Iniesta a 2009, shekarar da Barcelona ta kwashe kofi uku, amininsa Dani Jarque kyaftin ɗin Espanyol ya rasu farat ɗaya, ga raunuka sun sako shi gaba, ya faɗa ciwon damuwa sai da ya koma ganin masana, kuma shi ne dai bayan shekara ya ci wa Sifaniya ƙwallon da ta ba su kofin duniya, ya tuɓe riga aka ga sunan Jarque a singiletinsa. Ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya FIFPRO ta fitar da bincike a 2015, a cikin 'yan wasan da suka amsa tambayoyi 38 cikin 100 suna da alamun damuwa ko fargaba. Wato in ka ƙirga sha ɗayan da suka jeru ana taken ƙasa, kusan huɗu ke ɗauke da wani abu a ƙirji.

To me ya sa su? Ka ɗauki ƙanin naka. Yaron da ya saba da hayaniyar gida, a ci tuwo a kwano ɗaya, a fita majalisa bayan isha'i, yau an ajiye shi a ɗaki shi kaɗai a garin da lokacin hunturu tun wajen ƙarfe uku na yamma duhu ya rufa, ba ya jin yarensu, masallaci sai ya hau bas ko jirgin ƙasa, abincin kamar na asibiti. Tirenin awa biyu ne, sauran awa ashirin da biyu daga shi sai waya. Sannan tun yana ɗan shekara goma ba wanda ya kira shi da wani suna sai ɗan ƙwallo, in ƙwallon ta tsaya saboda rauni shi kansa bai san ko shi waye ba, a kulob kuma mai rauni kamar baƙo yake, abokansa na fili shi yana ɗakin motsa jiki da likitan gashin ƙashi, yana kallon wani yaro yana cinye masa lamba, kwantiragi na tafiya. Ga kuma mu 'yan gida, ka yi haƙuri zan faɗa, kuɗin haya, kuɗin makarantar ƙanne, auren wance, jinyar kawu, duk an rataya a ƙafar yaro ɗan shekara 19, kuma ƙafar ce ta samu matsala.

Sai uwa uba waya. Mu Kanawa ai bai kamata a ba mu labari ba, Sani Kaita ɗanmu ne. 17 ga Yunin 2010 a gasar kofin duniya a Afirka ta Kudu, muna cin Girka 1-0, ya kai wa Torosidis ƙafa a bakin layi, jan kati, aka farke aka ƙara mana. Ina gidan kallo a ranar, benci ya cika maƙil ana zufa, kuma tsakani da Allah ni ma na faɗi maganganun da yau nake jin kunyarsu, alhali na ga yaron ya ja riga ya rufe fuska yana fita. Har barazanar kisa aka yi ta tura masa. Wancan fa lokacin wayoyin ba su kai haka ba. A Fabrairun 2024 da Kwaddibuwa ta doke mu 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, Alex Iwobi aka sako gaba har ya goge hotunansa na Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi mutane su bari. A da in ka yi kuskure a filin Sani Abacha a nan Ƙofar Mata za a zage ka tas, ka hau mota ka tafi gida zagin ya tsaya a fili. Yanzu zagin a aljihunka yake, ka kwanta da shi, ƙarfe biyun dare ka buɗe ka sake karantawa, ƙwaƙwalwa kuma ba ta bambance cewa wanda ya rubuta wani ne da ya faɗi caca a wata jiha, ita dai ta ji an kawo hari sai ta tayar da janareto.

Ɗan wasan Najeriya kuma yana da ƙarin kaya da na wasu ƙasashen ba su da shi. Favour Ofili ta cancanci tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Faris 2024 aka wayi gari ba a shigar da sunanta ba, kuma tana cikin mutum goma da aka hana shiga gasa a Tokiyo saboda ba a cika musu ƙa'idar gwajin ƙwayoyi ba. Super Eagles sun kwana a kujerun filin jirgin Al Abraq a Libiya a Oktoban 2024. Irin wannan abun da ba ka da iko a kai ya fi cin rai fiye da abokin karawa.

Yanzu bari na raba maka abu biyu da mutane ke cakuɗawa, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai fargabar wasa, akwai ciwo.

Fargabar wasa kowa na yi, kuma kaɗan ɗinta ma amfani gare ta. Matsala tana zuwa ne in ta yi yawa har mutum ya fara sa ido a kan abin da jikinsa ya riga ya haddace. Ka taɓa ganin mahaddaci a musabaƙa? Yaron da yake zuba sura kamar ruwa a gaban malaminsa, ya hau mumbari ya ga alƙalai, ya fara tunanin wace aya ce ke biye, sai ya kakare a wajen da ko a bacci aka tashe shi zai kawo. Haka fenariti take, ƙafa ta san aikinta tun a filin unguwa, kai ne ya shiga tsakani. Abin da ya samu Simone Biles, 'yar wasan alkafura ta Amurka, a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 ɗan'uwan wannan ne amma mai haɗari, ita da take juyi a sama sai ta rasa gane ina sama ina ƙasa tana tsakiyar iska, a wasansu kuma hakan na nufin ka sauka a kan wuya. Ta janye daga wasan ƙarshe na ƙungiya aka yi ta ce mata raguwa, ta koma ta nemi taimakon masana, ta sake gina abun daga tushe, a Faris 2024 ta ɗauki zinare uku da azurfa ɗaya. Da ta yi ta maza a ranar wataƙila da keken guragu ake maganarta.

Wannan ɓangaren koyar da shi ake yi kamar yadda ake koyar da bugun kwana. Akwai wani gola da na yi aiki da shi a nan cikin gari, yaro mai hannu kamar danƙo, amma in aka ci shi ɗaya to ka sa ran ta biyu cikin minti biyar, don yana nan tsaye a raga amma kansa na can yana maimaita ta farkon. Kafin wasa kuwa har amai yake a bayan ɗakin canza kaya. Ba wani abun mamaki muka yi ba. Tawul ɗinsa da yake ratayewa a raga muka mayar wajen ajiye kuskure, in an ci shi zai taka ya je wajen tawul, ya goge fuska, ya kurɓi ruwa, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, sau uku, sannan ya ce "ta wuce" a fili, ya tafa safar hannunsa ya daka wa 'yan bayansa tsawa su tsaya daidai. Sakin numfashi a hankali ɗin shi ke rage gudun zuciya, tsawar kuma ita ke dawo da hankalinsa kan fili. Mun yi ta maimaitawa a tirenin, da gangan koci zai sa a ci shi ƙwallon banza don ya gwada, sati shida kafin abun ya zauna masa. Farko dariya abokansa suke, wai malam ya ba shi laƙanin tawul.

In kana son ganin irin wannan a babban fili ka tuna Yakubu Aiyegbeni da Koriya ta Kudu a 2010, raga a buɗe ba gola ya zubar, ɓarin da har gobe ake nunawa. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne bayan 'yan mintuna aka ba mu fenariti, shi ɗin dai ya ɗauki ƙwallon ya ajiye ya ci, aka tashi 2-2. Ko Bukayo Saka, sa'an ƙaninka ne a lokacin, shekara 19, ya ɓarar wa Ingila da bugun fenariti na ƙarshe a fainal ɗin kofin Turai da Italiya a Wembley a 2021, aka bi shi da zagin launin fata. Arsenal ba ta ɓoye shi ba, aka tara masa wasiƙun magoya baya bango guda, aka riƙa ba shi fenariti a kulob, 2024 da Suwizalan ya sake fitowa ya buga ya ci yana murmushi. Ka ga juriyar nan ba a cikinsa kaɗai ta tsiro ba, akwai waɗanda suka tare masa ta ko'ina har ya miƙe.

Amma abin da ka kwatanta min na ƙaninka ya wuce laƙanin tawul. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba tunda ban zauna da shi ba, sai dai rashin bacci na wata uku, da fitar abin da ya fi so a duniya daga ransa, alamu ne manya na ciwon damuwa, wanda a asibiti ake ce wa difireshin. Ƙa'idarmu ita ce in ƙunci ko rashin sha'awar komai ya wuce sati biyu kusan kullum, ga canjin bacci ko cin abinci, ga kasala, ga ganin kai ba shi da amfani, to likita ake nema. Kuma ka tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana, ko tunanin mutuwa ko cutar da kansa yana zuwa masa. Mutane na tsoron wai tambayar ce za ta sa masa tunanin, ba haka ba ne, an bincika an ga ba ta sawa, sau da yawa ma sauƙi mutum yake ji an buɗe masa ƙofa. In ya ce eh, a daren za ka sa ya kira likitan kulob ko lambar gaggawa, 112 ce a ƙasashen Tarayyar Turai da Norway, kuma a samu wanda zai je ya zauna da shi, kar ka ce sai da safe.

In bai kai nan ba, likitan kulob ɗin dai shi ne ƙofa. Na san abin da zai ce maka, in koci ya ji shikenan ya rasa lamba. Ka gaya masa likita a can yana ƙarƙashin dokar sirri, kuma in bai yarda da na kulob ba akwai ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasar, akwai likitan gari. Maganin yawanci zama ne da masani ana warware tunanin ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin a haɗa da ƙwaya, kuma yawancin magungunan damuwa ba a haramta wa 'yan wasa su ba amma dole likitan wasanni ya duba. Abin da nake roƙonka da girman Allah, kar wani ya aika masa da wani abu daga nan wai na bacci ko na ƙarfin jiki. Mun san ɓarnar da tiramol da kodin suka yi mana a garin nan, kuma tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta tiramol a lokacin gasa, gwaji ɗaya zai jawo masa dakatarwa. Ƙwayar bacci ma Dele Alli ya fito a 2023 ya faɗi yadda ta kama shi har sai da ya yi sati shida a gidan gyaran hali a Amurka.

Baba kuma a bi shi a hankali, ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, shi a zamaninsa ana cewa ƙwaƙwalwa sai ya hango asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da mutum a ɗaure, ba uban da zai so a jingina ɗansa da wannan. Kar ma ka ce masa taɓin hankali don ba shi ba ne. Ka ce masa yaron ba ya bacci kuma likita ya ce rashin bacci na hana raunin cinyar warkewa, wanda gaskiya ne. In ya kawo maganar ƙarancin imani ka tuna masa cikin ladabi cewa Annabi Yaƙub idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf, kuma a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, kuma shi ne ya ce a nemi magani. Addu'ar Baba da ta Umma yaron na buƙatarta ƙwarai, a yi masa ita a waya ya ji da kunnensa, ta tafi tare da likitan.

Naka aikin kai da yake kira da daddare, ka daina buɗe hira da "yaushe za ka dawo fili". Tambaye shi me ya ci yau, wa ya gani, ya fita ya ga rana kuwa. Ba shi labarin unguwa, wa ya yi aure, wane mai shayi ne ya tashi, yadda Masu Gida, wato Kano Pillars, suka yi a satin nan in yana son ji, in ba ya so ka bari. Ka karɓi ragamar buƙatun gida na wata uku, duk mai neman wani abu ya biyo ta kanka, kar saƙon kuɗi ko ɗaya ya isa wayarsa. Shafukansa kuma ya rufe wajen sharhi ko ya ba ka ka riƙe masa, wayar ta kwana a falo. Ka nemo masa ko mutum ɗaya ne a garin, ɗan Najeriya ko limamin masallacin da yake zuwa, wanda zai riƙa kiransa cin abinci ranar Juma'a.

Yawancin ƙasashen arewacin Turai kakar wasansu tana ƙarewa ne wajen Nuwamba ko farkon Disamba, in hutun ya zo ya taho gida, amma kar a shelanta. Ba tarba a filin jirgi, ba wasan sada zumunci don girmama shi, ba layin masu gaisuwa a zaure. Sati biyun farko ya ci tuwon Umma ya yi bacci, in kuma ya riga ya fara ganin likita a can to ya taho da takardarsa da maganinsa, akwai sashen masu wannan aikin a asibitin Malam Aminu Kano da za su ci gaba da duba shi kafin ya koma.